Yumɓun Baba da Na Cike Rami da Shi

Damina goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Mamman Maƙeri na Madarumfa. Da damina muke lissafi a gidanmu, domin a tsakiyarta ya tafi, hatsi ya fara fidda kai. Ni ce babbar ɗiyarsa, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka bai taɓa kama sunana ba har ya koma ga Allah. Uwata yake ce mini tun ina rarrafe, Uwata yake ce mini bayan na zama madam mai karantarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina da ƴaƴa huɗu. Kowace shekara in lokacin ya zagayo mukan yi sadaka, mu yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Bana na ce sai na rubuta, don akwai wata ɓarna da na yi masa kwana uku bayan an binne shi. Na ɗauki adakarsa guda, cike da abin da ya yi shekara hamsin yana tarawa, na juye a ramin ƙofar gida. Sai bana na san abin da na zubar, kuma tun daga ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: ko akwai abin da ya saura?

Baba maƙerin fari ne. Ba ya ƙera hauya ko gatari, azurfa ce aikinsa: zobe, ƴan kunne, munduwa, awarwaro. A zamaninsa ba a shago ake sayen azurfa ba. Mata ne ke zuwa daga Safo, daga Sarkin Yamma, wasu ma daga hayin iyaka, kowace da ƙullinta a bakin zane. Ta kwance ta fito da tsoffin sulalla na kakanni, ta ce a narka a yi wa ɗiyarta abin hannu. Kafin ya ce uffan sai ya saki sulen a kan uwar maƙera, ya karkata kunne. In ƙarar ta yi tsawo, ya gyaɗa kai. In ta ce ƙwal ta mutu, sai ya miƙa wa mai shi ya ce, "Hajiya, wanga dalma ce ta sha ado." Ban taɓa jin an ce kunnensa ya yaudare shi ba.

Wannan kowane maƙerin kirki ya iya. Abin da ban ga wani yana yi ba shi ne na gaba. Baba ba ya jefa sule a wuta sai ya ɗauki kamanninsa. Yana da wani wuri a bakin tafki, bayan garake inda ake noman lambu, inda yake ɗebo yumɓu mai laushi da kansa, ba ya aiken kowa. Sai ya gutsuro curi biyu, ya danna ɗaya a gaban sulen, ɗaya a bayansa, ya ɓamɓare a hankali, hoton ya fito raɗau. Sannan ya tura su cikin tokar gefen wuta, ya kama zuga-zugi. Mai kaya na zaune tana hura hanci, amalanken da zai mai da ita gida na jira, shi ko a jikinsa. Abokansa na tsokanarsa, wai Mamman ya buɗe gidan hoto babu na'ura. In sun dame shi yakan ce, "Abin da ya keto duniya ya zo hannuna, ba ni kashe shi bai bar baya ba." Ya ware su jaka-jaka a cikin adaka: na hannun masu raƙuma daban, na Katsina daban, na alhazan da suka dawo ta ƙasa daban. Babu rubutu a kan jakunkunan, a kansa komai yake.

Mutum ne mai tambayar tsiya. Bai yi boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba, amma in abu ya shige masa duhu ba ya samun sukuni. Akwai wata babbar dalar azurfa da ya fi so, mai hoton wata mata kakkaura da ɗan mayafi, shi ne ya raɗa mata suna Mai-ƙiba. A bayanta akwai tsuntsu mai kai biyu. Da aka sa ni lakwal ya ɗauka wahalarsa ta ƙare. Ina dawowa zai tare ni a bakin maƙera da yumɓu a hannu.

"Uwata, mi aka rubuta nan? Wace ce wagga mata? Tana da miji, ko ita ke sarautar da kanta? Kuma tsuntsun ga, da wane kan yake ci?"

Ni kuwa, hancina na sama, sai in ce rubutun a juye yake, ba ya karantuwa. Wata rana ya je ya aro madubin Inna ya kara a gaban yumɓun, rubutun ya miƙe sarai. Na duba na ga ba Faransanci ba ne. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce ba abin kirki ba ne, ba a tambayarsa a jarrabawa. Ya yi dariya ya ce to, wata rana in kin ƙara karatu. Na ƙara karatun. Na yi shekara talatin da ɗaya ina tsaye gaban allo ina gaya wa ƴaƴan mutane cewa matambayi ba ya ɓata, amma ban taɓa ɗaukar tambayar ubana na kai ko'ina ba. Wannan yana ci mini rai har yau.

Makon da ya rasu an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙofar gidanmu akwai kwari, ruwa ya taru ya zama ɗan kududdufi, masu ta'aziyya sai sun tattare riguna sun tsallaka. Ranar sadakar uku wani dattijo ya zame ya faɗi da farar rigarsa. Kunya ta rufe ni, ni ce babba, ni kowa ke kallo. Na ce a nemo tsakuwa, babu. Yashi kuwa ya yi nisa. Sai na tuna adakar Baba. Ƙanena Ilya ya ce, "Yaya, kayan Baba ne fa." Na daka masa tsawa na ce, "Kayan me? Ƙasa ce za ta koma ƙasa." Muka kinkimo adakar, na kwance jakunkunan ɗaya bayan ɗaya na zazzage, aka bi da taɓarya aka daddaka har wurin ya kwanta. Ramin ya cika tsaf. Har yaba mini aka yi, wai ɗiyar Mamman akwai dabara. Duk wanda ya zo gaisuwa daga ranar, a kan yumɓun ya taka ya shiga. Bayan shekara biyu Ilya ya shafe wurin da siminti, ya mai da maƙerar shagon walda, magana ta mutu.

A bazarar bana na je wurin ɗana Sanusi, wanda ke aiki a wani birni na bakin teku, don a duba mini ido. Likita ya ce in jira kwana goma kafin in koma. Zaman gidan sama ya ishe ni, har na fara neman surukata da faɗa ba gaira ba dalili. Sanusi ya ga abin zai ɓaci, ya ce, "Mama, taso in kai ki gidan tarihin kuɗi, ke da kike ɗiyar maƙeri." A ƙofa ya ɗaga salula ya taɓa, wai ya biya kuɗin shiga ke nan. Na tsaya ina tunanin Baba. Kuɗin da ba su da fuska, ba su da nauyi, ba a sakinsu a ji ƙara, a ina zai danna yumɓunsa? Na san ba zai yi tsaki ba, ba halinsa ba ne. Zai karɓi salular ya jujjuya ta, ya tambayi inda kuɗin suke zaune da wanda ke tsaronsu, da yadda ake gane na jabu, har sai mai gadin ƙofar ya gaji da shi.

Ɗakin farko na abubuwan da aka yi ciniki da su ne kafin sulalla: wuri, kantun gishiri, sawayen saƙi, sandunan ƙarfe, mundayen tagulla. Gaba kaɗan na ga anini da kwabo masu huji irin waɗanda Inna ke zargewa a igiya, na ga tamma irin ta da. Komai na cikin akwatin gilashi, an haska masa ƴar fitila, ba taɓawa. Da Baba ne, wallahi da an fitar da shi, don sai ya roƙi a buɗe masa ya saki ɗaya a ƙasa ya ji. To, yaya mutum zai san azurfa ta bayan gilashi?

Sai ga Mai-ƙiba. Na ji kamar na ga ƴar'uwa a baƙon gari. Na gyara sabon tabaraun da likita ya ba ni, na karanta takardar da ke gefenta har sau uku. Sarauniya ce a wata ƙasar Turai, da kanta ta yi mulki, mayafin kuwa na takaba ne, mijin ya riga ta. Rubutun Latin ne, tsohon harshen malamansu. Tsuntsun tambarin gidan sarautarsu ne, babu shi a daji, don haka ba ya ci da ko wane kai. Abin da ya fi ba ni mamaki, ta daɗe da mutuwa ana ci gaba da buga dalar ba a canza shekarar da ke jiki ba, saboda fatake daga nan har ƙasar Larabawa ba su yarda da wata in ba ita ba. Baba ya taɓa lura da haka. Ya ce mini lambobin duk iri ɗaya ne, amma wata sabuwa fil, wata ta sha hannu har ta shafe, yaya aka yi? Na ce masa idonsa ne. Ashe idonsa lafiya lau. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle ni da ko rimin ban hau ba. Amsar duk tambayoyinsa layi shida ce a ƴar takarda.

Kwana uku na yi ina komawa, da littafi da alƙalami kamar ɗaliba. Ɗakin ciki shi ne na kuɗin farko-farko, masu wuyar samu. Akwai dinare ƙanana, sirara, babu hoton kowa sai kalmar shahada da rubutun Larabci irin na da ya zagaye su. An buga su a hayin hamada, da zinariyar da raƙuma suka ɗauka daga wannan ɓangaren namu. Wasu an datse musu gefe, wasu an huda su, ina ta tambayar kaina wuyan wa suka taɓa hawa. Na zana abin da na iya a littafina, zanen ma abin dariya. Can a tsakiyar ɗakin akwai wani akwati shi kaɗai, na nufe shi ina tsammanin zinariyar da ta fi kowace girma. Me zan gani? Gutsattsarin yumɓu ne ƴan kaɗan, jajaye, da ƙananan ramuka a jiki. An tono su a kufan wani tsohon gari na hamada, a cikinsu ake zuba narkakkiyar zinariya ta zama kuɗi. Tsingaro, jama'a, irin wanda kaza ke tonawa a bayan gidanmu, shi aka ba wurin da ya fi daraja. Na nemi benci na zauna.

A bangon da ke kallona an rubuta cewa ba a san takamaimai irin kuɗin azurfar da suka shigo ƙasar Hausa ba, ko ta wace hanya, domin maƙera sun narkar da mafi yawansu ba su bar wata shaida ba. Ni ban iya haɗiye magana ba, haka Allah ya yi ni. Na ce a kira mini wanda ya rubuta. Aka fito da wata mata mai kula da ɗakin, sa'ar Sanusi ce, da Faransanci muka yi. Na ce mata ubana maƙeri ne, kuma abin da ya narka bai ɓata ba, yana hannun matan Safo suna daka da shi. Sannan ba gaskiya ba ne a ce babu wanda ya bar shaida. Na ba ta labarin yumɓu da jakunkuna, ina magana ina ƙara ɗaga kai. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta zuba mini ido.

"Mama, shekara nawa ya yi yana haka?"

"Hamsin, ko fi."

"Kuma ya ware su bisa hanyar da suka zo? Ban taɓa jin wanda ya yi wannan ba. Suna ina yanzu?"

Ni da na zo da faɗa, ashe ni ce mai laifin. Na gaya mata gaskiya ban rage komai ba, har da dattijon da ya faɗi. Ba ta zarge ni ba, da ma ta yi, da na fi jin sauƙi. Sai ta ce, "An gasa su, ko shanyawa kawai aka yi?" Na ce a toka yake tura su. Ta ce wanda ya sha wuta sosai ya zama kamar tukunya, ruwa ba ya narka shi komai daɗewa, wanda bai gasu ba kuwa ya koma laka tun daminar farko. Na rufe ido ina tuno ranar. Da na zazzage jakunkunan na ji ƙara, kacau-kacau, ba irin faɗuwar ɗanyar laka ba. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Ni shekara goma sha biyu na yi ina taka nawa damin ina shiga gida.

Da na dawo Madarumfa ko kaya ban kwance ba na nufi gidan Baba. Ilya na tsugune yana liƙa ƙafar wani amalanke. Na ce masa simintin ƙofa nake so a fasa. Ya cire baƙin gilashinsa ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, idon aka gyara miki ko kan aka taɓa? Ke kika ce ƙasa ce. Na ce miki kayan Baba ne, kika yi mini tsawa gaban mutane."

Ashe shi ma abin na cikinsa duk shekarun nan. Na ce, "Na yi kuskure, Ilya. Kai ke da gaskiya." Tun da aka haife shi bai taɓa jin wannan daga bakina ba, har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce damina ta kusa, in aka fasa ruwa zai koma ya kwanta, kuma mai yiwuwa ba abin da za mu samu sai jar ƙasa. Na ce masa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya shiga ya ɗauko guduma.

Yini biyu muka yi. Maƙwabta suka taru, wasu na raɗa wai tukunyar zinariya Mamman ya binne, ban bi ta kansu ba. Ilya na tono, ni ina tankaɗewa da rariya. Yawanci abin da matar nan ta faɗa ne, jar laka a dunƙule, ba hoto ba alama. Abin da taɓarya ba ta farfasa ba, ƙafafu da ruwa sun ƙarasa. Daga adaka guda, abin da muka tsamo mai ɗan kama bai cika ƙaramar ƙwarya ba, kuma masu lafiya babu ɓari guda goma sha tara ne. Rabon jakunkuna kuwa ya tafi har abada. Babu mai sake sanin wanne ya zo ta raƙumi, wanne ta Katsina. Wannan a cikin kan Baba yake, ni kuma na gauraya su da hannuna, kuma ba na neman a rage mini laifin.

Muka zauna a zaure muka wanke su a kwano, a hankali. Ga wani sarki mai gashin baki, ga wata mata tana yafa iri, ga mai rubutun Larabci, ga wani da ban ga irinsa ba ko a gidan tarihin. Ina share ɗaya da bakin mayafi sai ya kuɓuce ya kife a cinyata. Duk rayuwata gaban nake kallo, in ma na kalla, ban taɓa juya ko ɗaya ba. A bayansa akwai ɗan gurbi, da zane-zanen yatsa sirara, wuta ta gasa su sun zauna daram. Wani layi ya ratsa ta tsakiya. Ilya ya karɓa ya kai kusa da ido, ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Tabon awartaki ne. Babban yatsansa na dama." Muka juya sauran ɗaya bayan ɗaya, yana bayan kowanne.

Na kira matar gidan tarihin. Tana son su, har ta ce za ta gyara rubutun bango. Ni da Ilya mun yarda mu aika goma sha bakwai, kowa ya riƙe ɗaya. Sharaɗi ɗaya na gindaya mata: in za a jera su a gilashi, a kife ɗaya, bayan ya kalli sama.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga wannan. Ba na jin zai yi fushi da ni, fushi ba ya daɗewa a cikinsa. Zai fi damuwa ya san yadda yumɓun tafkinmu zai shiga mota ya je bakin teku bai fashe ba, da ko masu zuwa kallo za su iya tambaya a amsa musu. Yau ba wadda ke ƙullo sulen kakarta ta kawo, ƴammata kayan shago suke sawa, wata uku su koɗe. Mundayen da ya ƙera suna ta siracewa a hannun tsofaffi, wata rana su ma za a narka su. Maƙerarsa ta zama shagon walda, abin da ke kansa ya bi shi kabari. Abin da ya saura shi ne shaidar cewa a garin nan an yi mutum wanda ba ya barin abu ya wuce ta hannunsa bai tsaya ya dube shi da kyau ba, kuma ɗiyarsa mai karatu sai da ta tsufa ta koyi wannan.

Nawa yana ƙulle a tsumma kusa da abin sallata. Kullum in na idar da ta asuba nakan kwance, in sa babban yatsana a gurbin nasa, in roƙi Allah ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini. Yatsana bai cika gurbin ba.